Yaron da Aka Tafi da Shi Haƙar Zinariya: Me Gwamnatin Chadi Take Iya Yi?

Wata baiwar Allah daga unguwar Ridina a nan Injamena ta aiko da tambaya a kan ɗan ƙanenta, yaro ɗan shekara 15. Wani mutum da ya saba zama a shagon uban ne ya ce zai kai shi arewa wurin haƙar zinariya, ba sai an ba da kuɗin mota ba, in yaro ya fara samu sai ya biya. Uban ya amince. Yau wata bakwai ke nan. Sau biyu kacal yaron ya kira, ya ce suna wajen Kuri. A kiran ƙarshe yana kuka, ya ce maigidansa ya ce ana bin sa jaka 300, kuɗin mota da abinci da ruwa, kuma ba inda za shi sai ya biya. Ta ce: "Shin wannan ne fataucin mutanen da muke ji a rediyo, alhali uban da bakinsa ya yarda? Gwamnati tana yin wani abu a kan irin wannan, ko mu haɗa kuɗi kawai mu fanso shi?"

Hajiya, Allah ya tsare shi a inda yake, ya dawo muku da shi lafiya. Na daɗe ina taimaka wa iyalai a kan shari'ar da ta shafi yara, tsakanin nan da garin Sar da ke kudu, kuma labarin nan naki na ji shi da Larabci, na ji shi da yaren Sara, na ji shi da Hausa. Sunan garin da yawan bashin ne kawai suke canzawa.

E, shi ne. Yardar uban ba ta wanke kowa ba.

Akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2000, wadda aka fi sani da yarjejeniyar Palermo saboda birnin Italiya da aka sa mata hannu, kuma Chadi ta shiga cikinta a 2009. Ita ta fayyace abin da ake kira fataucin mutane. In babba ne, sai an nuna cewa an ɗauke shi ko an kai shi wani wuri ko an karɓe shi, an bi ta ƙarfi ko yaudara ko tsoratarwa ko an yi amfani da halin ƙuncin da yake ciki, kuma manufar ita ce a ci da guminsa. In kuwa yaro ne wanda bai kai shekara 18 ba, ba a ma tambayar ta wace hanya aka bi. Da zarar an ɗauke shi don a ci da guminsa, laifi ya tabbata, ko ya tafi yana murna, ko ubansa ya raka shi har bakin mota ya sa masa albarka. Mutane da yawa suna zaton sai an tsallaka iyaka, ko sai an ga sarƙa a ƙafa. Ba haka ba ne. Ana fataucin mutum daga Gera zuwa Tibesti, ana yi daga Walia zuwa Farsha, duk a cikin ƙasa ɗaya, wani lokaci a cikin gari ɗaya.

Ki bambanta wannan da sana'ar direban da kike biya ya tsallakar da ke Libiya ba takarda. Shi ma ya karya doka, amma da kun isa kun rabu, ba ya bin ki komai. Wancan laifi ne a kan iyakar ƙasa, wannan laifi ne a kan mutum. Sai dai a hanyar arewa sau da yawa na farkon ne yake rikiɗewa ya koma na biyu, kuma abin da ke rikiɗar da shi shi ne kalmar nan da aka faɗa wa ƙanenki: "ba sai an biya yanzu ba."

Ga yadda abin yake tafiya. Dillali yana tara samari a Injamena ko Gera ko garuruwan kudu, ya miƙa su ga mai mota. Mai mota ya bi da su ta Musoro zuwa Faya, kusan kilomita 1,000, daga nan a nausa ta Zuwarke zuwa bakin iyakar Libiya. Wasu kuma ta Abeshe da Kalayit ake bi da su. Da an isa, mai rami ya biya mai mota kuɗin kowane kai. Ki lura da wannan wurin sosai, domin a nan ne aka yi cinikin, ko da yake ba wanda zai kira shi ciniki. Cewa za a yi mai rami ya "biya wa yaro kuɗin mota". Daga ranar bashin ya koma hannunsa, shi ke riƙe da lissafin, shi ke sa farashi. A wurin ba rijiya a bakin ƙofa, ruwa saye ake yi, abinci daga nesa ake kawo shi, galibi daga Libiya. Kowace jarka, kowane kwanon taliya, kowace ƙwayar magani a kan yaron ake rubuta su. In an dace da zinariya, sai mai rami ya cire kuɗin inji da mai da abinci kafin a raba. In ba a dace ba, bashi ya ƙaru. Shi ya sa za ki ga yaro ya yi wata bakwai yana shiga rami tun asuba, amma abin da ake bin sa yau ya fi na ranar da ya sauka. Kuma ba a buƙatar katanga ko mai gadi. Wanda ya gudu da ƙafa a wannan hamada ƙishirwa ce za ta kashe shi kafin kowa ya bi sawunsa, kuma yaran sun san haka.

Kurin da ya ambata, Kuri Bugudi ke nan, a jihar Tibesti. An fara tururuwar zuwa can ne wajen 2013, lokacin da labarin zinariya ya bazu. Ba wurin yaro ba ne ko da ba bashi. A watan Satumba na 2019 rami ya rufta a can ya kashe gommai. A watan Mayu na 2022 rikici ya ɓarke tsakanin masu haƙa, gwamnati da kanta ta ce kusan mutum 100 ne suka mutu. Ba don in tayar miki da hankali nake faɗa ba, sai don kada wani a cikin dangi ya ce a ƙara haƙuri zuwa bayan damina.

To, me gwamnati ta yi? Ba zan ce miki ba ta yi komai ba, don ba gaskiya ba ne, kuma irin wannan magana ita ke sa mutane su zauna a gida su rungume hannu.

Waɗanda suka manyanta za su tuna da watan Oktoba na 2007, lokacin da aka tare wasu Faransawa na ƙungiyar Arche de Zoé a Abeshe suna shirin ɗaga yara 103 a jirgi, wai marayun Darfur ne. Bincike ya nuna yawancinsu 'yan Chadi ne, kuma da iyayensu a raye. Kotu a nan Injamena ta yanke wa mutum shida shekara 8 da aiki mai tsanani, aka mayar da su Faransa, marigayi Idris Debi ya yi musu afuwa a watan Maris na 2008. Ƙasa ta tashi a lokacin, an yi zanga-zanga, kowa ya kira abin da sunansa, satar yara. Abin da na daɗe ina tunani a kai shi ne, iyayen waɗannan yara ma yarda suka yi, don an ce musu karatu za a kai 'ya'yansu. Ƙaryar iri ɗaya ce da wadda aka yi wa ƙanenki. Bambancin kawai, waɗancan baƙi ne farare da jirgin sama, wannan kuwa mutum ne da ake shan shayi da shi.

A lokacin ƙasar ba ta da doka ta musamman a kan fataucin mutane. Sai alƙali ya lalubo laifin sace yaro ko zamba ko duka ya rataya wa mai laifi. Gyara ya zo a hankali. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire sunan sojojin Chadi daga jerin masu ɗaukar yara aikin soja, bayan an bi barikoki ana tantancewa, kuma wannan nasara ce ta gaske. A 2015 aka haramta aurar da wanda bai kai shekara 18 ba, da hukuncin ɗaurin shekara 5 zuwa 10. A 2017 aka sabunta kundin hukunta laifuka. Sannan a 2018 aka yi dokar da ta shafe ki kai tsaye, mai lamba 006, ta yaƙi da fataucin mutane, wadda ta haɗa da aikin tilas da tilasta karuwanci. Hukuncinta ɗaurin shekara 4 zuwa 30, da tara daga jaka 250 zuwa sefa miliyan 5. Daga baya aka kafa hukumar ƙasa a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a don ta haɗa kan ma'aikatu a kan wannan aiki. A cikin 'yan sanda akwai sashen kare ƙananan yara. An horar da alƙalai da jandarmomi da taimakon hukumar ƙaura ta duniya, OIM, da UNICEF. A Faya kuma an sha tare motoci a sauke yara, OIM ta kula da su har a mayar da su garuruwansu.

A takarda, Hajiya, dokar nan ba ta da abin kunya. Shekara 30 ba wasa ba ce. Matsalar tana tsakanin takardar da ƙofar gidan yari.

Ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana fitar da rahoto duk shekara tun 2001, tana jera ƙasashe a matakai bisa ƙoƙarin gwamnatocinsu. A 2023 ta sa Chadi a mataki na 3, wato na can ƙasa. A 2024 ta ɗaga ta zuwa rukunin waɗanda ake sa wa ido a mataki na 2. Ina da ƙorafina a kan ƙasa ɗaya ta zauna tana ba sauran duniya maki, kuma na ga yadda ake rige-rigen shirya taro in lokacin rubuta rahoton ya gabato. Amma abubuwan da suke nunawa da yatsa su ne waɗanda nake gani da idona: shari'o'in da ake kaiwa kotu kaɗan ne, waɗanda ake yanke wa hukunci sun fi kaɗan, wurin da za a ajiye wanda aka ceto ya yi ƙaranci, kuma akwai masu riƙe da muƙami da hannunsu yake ciki.

Wani ɓangare na wannan talauci ne da faɗin ƙasa, kuma adalci ne a faɗa. Chadi ta kai murabba'in kilomita 1,284,000, iyakarta da Libiya kaɗai ta haura kilomita 1,000 na duwatsu da yashi. Tun da farashin man fetur ya faɗi aka shigo da matakan tsuke bakin aljihu 16 a 2016, ma'aikatun da ke kula da mata da yara ba su gama farfaɗowa ba. Daga watan Afrilu na 2023 kuma dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijirar Sudan suka kwararo ta Adre, hankalin gwamnati da na masu agaji ya koma gabas. Na taɓa raka wata uwa wani ofishi, jami'in ya saurare mu da kyau, ya rubuta komai, sannan ya sunkuyar da kai ya ce motarsu ba mai. Mu muka zuba. Ban zarge shi ba, mutumin kirki ne da aka ba aiki ba a ba shi kayan aiki ba. Amma uwar da ba ta da kuɗin man, shari'arta ta mutu a kan teburin nan.

Wani ɓangaren kuma ba talauci ba ne, yadda ake kallon abin ne. Gwamnati tana kallon arewa da idon tsaro. 'Yan tawaye sun kai hari Kuri Bugudi a watan Agusta na 2018, an sanar da rufe iyakar Libiya a watan Maris na 2019, kuma daga Libiya ne ayarin da aka yi yaƙi da shi a watan Afrilu na 2021 ya shigo, yaƙin da Idris Debi ya rasu a cikinsa. Saboda haka sojan da ya tare mota cike da samari a hanyar Zuwarke, abin da ke ransa shi ne ko waɗannan sababbin mayaƙa ne. Ba a koya masa ya ja yaro gefe ya tambaye shi wa ya biya masa kuɗin mota ba. In an yi korar masu haƙa, wanda aka sayar da wanda ya saye shi mota ɗaya ake loda su. Yaron ya dawo gida hannu wofi, wani lokaci har da tabon an kira shi ɗan tawaye, dillalin kuma yana nan a kasuwa yana neman wasu. A ganina wannan ne babban giɓin: ana kama masu tafiya, ba a bin sawun kuɗin.

Sai na ukun, wanda ya fi nauyi a baki. A kudu, a jihohin Mandul da Shari ta Tsakiya, an shafe shekaru ana kuka da batun yara makiyaya. Ana zuwa wurin manomi talaka a karɓi ɗansa, ɗan shekara tara ko goma, a kan za a ba shi maraƙi bayan wata shida ko shekara. Yaro ya bi shanu cikin daji, ba makaranta, ba takalmi, wani a canja masa suna, in saniya ta ɓata jikinsa ya gaya masa. Na ga waɗanda suka dawo sun manta yaren uwarsu. Garken da yawa ba na makiyayin da kike gani ba ne, na manya ne masu zama a birni, wasu da kaki. Ƙaramin jandarman ƙauye ya san mai shanun, ya kuma san abin da zai same shi in ya taɓa. Dokar 2018 ba ta ware kowa ba, amma ranar da aka ɗaure babban mutum ɗaya a kan yaro makiyayi, aka faɗa a rediyo, ranar ce dokar za ta fara aiki a zukatan mutane. Taron bita ɗari a otal ba zai yi abin da wannan hukunci ɗaya zai yi ba.

Ba zan tsallake ƙofarmu ba. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana wanke-wanke a gidajenmu, wadda kuɗin aikatau ɗinta ba ya shiga hannunta sai hannun matar da ta kawo ta, wadda ba ta fita, ba ta san hanyar garinsu ba, mece ce sunan halin da take ciki? Dokar aiki ta ƙasar nan ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 14 ba, mu kuwa muna cewa riƙo ne. Riƙo na gaskiya yana nan, ni kaina a hannun kawuna na tashi, kuma da 'ya'yansa muka ci a kwano ɗaya muka tafi makaranta ɗaya. Ma'aunin ke nan. Haka almajiran nan da Larabawan Chadi suke kira muhajirin. Neman ilimi ibada ne, kuma akwai malaman da suke noma su ciyar da ɗalibansu. Amma wanda ya yanka wa yaro kuɗin da zai kawo kullum, in bai cika ba a yi masa bulala, yaron ya shekara uku bai wuce izu ɗaya ba, wannan ba malami ba ne, allon ne kawai ya riƙe. Malamanmu suna karanta mana hadisin mutum uku da Allah ya ce shi da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama, a cikinsu akwai wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, da wanda ya sa ma'aikaci aiki ya hana shi ladansa. Ba daga Palermo aka fara hana wannan ba.

Kuma mu ne muke kashe shari'a da sulhu. An kama dillali, washegari dattawa sun cika zaure, a ce ɗan unguwa ne, yana da iyali, a rufa asiri. A mayar da yaro, a ba uba wani abu, a yi fatiha. A ƙasar da ko jini ake biyan diyya a tashi, wa zai tsaya kai da fata a kan yaron da ya dawo da ransa? Sulhu abu ne mai kyau a kan gona da gado da rikicin aure. A nan kuwa ba ku kaɗai abin ya shafa ba, domin mutumin da aka rufa wa asiri yau, gidan maƙwabta zai shiga gobe. Alƙali ba ya hukunta wanda ba a kawo masa ba, kuma in masu ƙara suka janye, shaidu suka ɓace, sai a rubuta a rahoto cewa gwamnati ta gaza. Ta gaza ɗin, amma da taimakonmu.

Akwai wani ƙaramin abu da nake so kowa ya riƙe. Duk kariyar da na ce doka ta ba yaro ta rataya ne a kan a tabbatar cewa yaro ne. Yawancin yaran ƙasar nan ba su da takardar haihuwa. In aka je gaban alƙali, lauyan wanda ake tuhuma zai ce ai saurayi ne ɗan shekara 19, da ƙafarsa ya tafi neman kuɗi. Da me za ki ƙaryata shi? In da za a tambaye ni inda gwamnati za ta zuba kuɗin yaƙi da fataucin mutane, zan ce rabi a kai wurin rajistar haihuwa a ƙauyuka da unguwanni. Don haka abu na farko, tun yau, ki nemo takardar haihuwar yaron nan. In babu, a nemo katin asibiti ko na rigakafi ko takardar makaranta, a je kotu da shaidu a yi masa takardar da ke maye gurbinta.

Sannan ku zauna da uban ku rubuta komai tun ba a manta ba: ranar da aka tafi, tashar da aka hau mota, kamannin motar, sunan da mutumin yake amsawa da inda yake zama, wa ya ji lokacin da ya yi alkawari, lambobin da yaron ya kira da su da ranakun kiran. Kada a goge komai a waya. In an taɓa tura kuɗi ko an karɓa, a ajiye shaidar. Na san abin da ke cin ƙanenki a rai, tsoron kada a ce shi ya sayar da ɗansa. Za a yi masa tambayoyi, babu shakka, kuma in ya karɓi wani abu a hannun mutumin, gara ya faɗa wa lauya tun farko da a ji daga bakin dillali. Uban da aka yaudara, ya kuma zo da ƙafarsa ya kai ƙara, matsayinsa daban ne da wanda aka gano yana ɓoyewa. Ki lallashe shi, kada ki yi masa gori. Kunya ce take sa iyaye maza su yi shiru har abu ya lalace.

Kada ku tafi ku kaɗai. Ku fara da masu ba da taimakon shari'a, irin su ƙungiyar APLFT, ko ƙungiyar mata masana shari'a ta Chadi, ko ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta LTDH. Su za su taimaka a rubuta ƙara zuwa ga mai gabatar da ƙara na gwamnati a kotun Injamena, a kuma kai kwafi sashen kare yara na 'yan sanda. A rubuta ƙarar da sunan laifin, fataucin mutane, a ambaci dokar 2018. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, don in aka bari aka rubuta ta a matsayin rikicin bashi ko saɓani tsakanin maigida da yaronsa, to an riga an kashe ta. Ku karɓi lambar ƙarar a rubuce, ku riƙa komawa duk mako. Takardar da ba a bibiya ƙura take sha. A lokaci guda a sanar da ofishin OIM, domin suna da mutane a Faya, kuma sun saba da dawo da irin waɗannan yara. Sarkin Hausawa da mai unguwa a sa su a ciki don su yi amfani da mutanen da suka sani a Faya da Kuri, 'yan kasuwa da direbobi da mahauta, a gano ramin da yaron yake. Amma ki gaya musu a fili, cikin ladabi, cewa taimakon nemowa kuke so, ba zaman sulhu ba.

Shi kuma dillalin, kada a je masa da faɗa, kada a nuna masa an kai ƙara. Shi ne igiyar da ke haɗa ku da yaron. In ya tsorata ya ɓace, ko ya buga waya can aka matsar da yaron cikin Libiya, aiki ya ƙara wuya sau goma.

Batun fansa kuwa, zan gaya miki abin da zan gaya wa 'yar'uwata. A doka ba a bin yaron nan ko dala, shi ne ma yake bin su ladan wata bakwai. Amma ba zan ce ki bar ɗanki a rami don a tabbatar da doka ba. In ta kai cewa biyan ne kaɗai zai fito da shi da sauri, to a biya da sanin lauya da mai gabatar da ƙara, kuma biyan ba ya shafe laifin, ƙarin shaida ne ma. Kada a damƙa wa dillali kuɗi a nan a kan alkawarin zai aika. Na ga iyalin da suka sayar da fili suka biya sau biyu, bashin yana nan yadda yake. A samu amintaccen mutum a Faya ko a can wurin, ya ga yaron da idonsa, ya sa shi a mota, sannan kuɗi su fita, a kuma rubuta wanda ya karɓa.

In ya sake kira, Hajiya, ki daure kada kuka ya cinye mintocin. Wataƙila maigidan yana tsaye a kansa, don haka ki yi masa tambayoyin da zai amsa da e ko a'a. Wuraren can da lamba ake kiransu, akwai Kuri 35, akwai Kuri 60, ki ambata masa ɗaya bayan ɗaya har ya ce e. Ki tambaye shi ko yana da lafiya, ko akwai wasu yaran unguwa tare da shi, ko lambar da ya kira da ita ta maigidan ce. Ki gaya masa kada ya kuskura ya gudu da ƙafa, kuma ki gaya masa ba wanda yake fushi da shi a gida. In ya ce akwai wasu yaran, ki nemi iyayensu a daren nan, ku shigar da ƙarar tare.